Irin Kaktus Ba Ya Tsira da Haske Kawai: Gyara Kan Wani Saƙo da Ke Yawo, da Abin da Ya Shafi Kacallar Guri



Makon jiya kawuna da ke noma a wajen Guri ya turo mini wani saƙo ta WhatsApp, ya biyo shi da murya yana cewa, "Ɗan boko, duba mana wannan, gaskiya ne ko zuƙi ta malle?" Abin da saƙon ke cewa shi ne wai masana sun gano irin kaktus ba ya buƙatar ruwa, hasken rana kaɗai ya ishe shi ya tsiro. Don haka wai a sayo irin a watsa a tuddan Jigawa da Yobe, hamada ta tsaya cak, dabbobi kuma su samu abincin rani. Har da hoton wani kaktus dogo mai rassa kamar mutum ya ɗaga hannuwa.

Kawu bai yi tambayar don nishaɗi ba. Gonarsa ta tudu rairayi na cin ta, ta fadama kuwa kacalla ta cinye fiye da rabinta. Mutumin da ke tsakanin waɗannan biyun, duk wanda ya zo masa da magana mai kama da mafita zai saurare shi, wataƙila har ya sayar da akuya ya sayi iri. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in warware maganar. Akwai bincike na gaskiya a bayan saƙon, amma an murɗe shi. Shi kansa binciken akwai inda nake da ja da shi. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, darasin da ke cikinsa ya fi amfanar gonar Kawu ta fadama a kan ta tudu.

Da farko, wane ne kaktus?

Mu fara raba gardama a kan suna. Da yawanmu idan muka ga tsiro mai kauri, mai ƙaya, marar ganye sosai, sai mu ce kaktus ne. Ƙyarana da tinya da aguwar da ake shinge da ita duk ba kaktus ba ne, 'yan gidan Euphorbia ne. Karan masallaci ma daga wani gidan daban ya fito. Hanya mai sauƙi ta ganewa: ka karya reshen ƙyarana ko tinya, farin ruwa kamar madara zai fito, mai ƙuna, wanda idan ya shiga ido sai an sha wahala. Kaktus na ainihi asalinsa nahiyar Amurka ne, daga Kanada har Ajantina, in ban da nau'i ɗaya mai suna Rhipsalis baccifera da ake samu a dazuzzukan Afirka masu ruwa. Kamannin da muke gani ya zo ne saboda fari iri ɗaya ya sassaƙa su, amma kama da wane ba ta wane.

Wannan bambancin yana da amfani, domin duk abin da za a faɗa a ƙasa game da irin kaktus, an gano shi ne a kan tsirran Meziko da Arizona da Kudancin Amurka. Kada wani ya ɗauka ya ɗora wa aguwa kai tsaye.

Abin da bincike ya faɗa game da haske

Gaskiyar da ke cikin saƙon ita ce: irin kaktus da yawa ba ya tsira a cikin duhu. Tun 1959 Alcorn da Kurtz suka nuna haka a kan saguwaro, wato dogon kaktus ɗin nan na hamadar Sonora da ke cikin hoton Kawu. A 2011 kuma Joel Flores da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi a kan nau'o'in kaktus 136 daga Meziko, Chile, Ajantina, Brazil, Peru, Amurka da Venezuela. Sun kwatanta tsirowar iri a haske da a duhu. Abin da suka samu shi ne, gwargwadon ƙanƙantar ƙwayar iri, gwargwadon dogaronta da haske. Masu manyan ƙwayoyi, da waɗanda uwarsu doguwa ce, ba su cika damuwa da shi ba.

Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa shuka. Ƙwayar iri guzurinta a cikinta yake. Ƙwayar masara ko gyaɗa tana da abincin da zai kai ta sama ko da an binne ta da zurfin ɗan yatsa. Ƙwayar da ba ta kai ta riɗi ba, idan ta tsiro a can ƙasa, guzurin zai ƙare kafin ta ga rana, ta mutu a hanya. To haske shi ne alamar da ke gaya mata cewa tana kusa da sama. Kuma hasken da zai iya motsa iri ba ya ratsa ƙasa fiye da milimita 4 zuwa 5. Masu lambun latas a fadama sun san wannan tun kafin mu karanta shi: ba a binne irin latas, barbaɗa shi ake yi a ɗan shafa ƙasa a kai.

Ta yaya ƙwaya ke "ganin" haske? A cikinta akwai wani furotin da ake kira faitokurom. A 1952, a Beltsville ta ƙasar Amurka, Harry Borthwick da Sterling Hendricks da abokansu suka yi wani gwaji da irin latas wanda har yau ake koyar da shi. Idan aka haska wa irin jan haske, mai tsawon zango kusan nanomita 660, sai ya tsiro. Idan aka biyo da wani ja mai duhu da ke can bakin iyakar abin da ido ke iya gani, kusan nanomita 730, wanda zan kira jan-nesa, sai ya fasa. A sake haska ja, ya tsiro. A sake jan-nesa, ya fasa. Duk wanda aka haska a ƙarshe shi ke da nasara, kamar makunnin lantarki.

Ga inda abin ya yi armashi. Koren ganye yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, ya bar jan-nesa ya wuce. Saboda haka ƙwayar da ke kwance a ƙarƙashin ciyawa mai duhu, hasken da ke iso mata akasarinsa jan-nesa ne, wato saƙon da ke cewa akwai manya a samanki, ki dakata. Ranar da aka sare ciyawar ko aka ƙone ta, jan haske ya sauko, makunni ya juya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun iso bakin kogi.

Inda saƙon ya yi ɓatan kai

Duk waɗannan gwaje-gwajen da na lissafa, a kan jiƙaƙƙen iri aka yi su. Ana zuba irin a faranti a kan takarda mai laima ko wani abu mai riƙe ruwa, sannan a ba wasu haske a rufe wasu. Ruwa yana nan a duka ɓangarorin biyu, shi ya sa ba a cika ambatonsa a taken binciken ba. Wanda ya rubuta saƙon ya ga an ce haske ne ya bambanta su, sai ya fahimci cewa haske ne kaɗai ake buƙata. Kamar a ce an gwada tuwo da gishiri a miya da wanda babu, aka ce mai gishiri ya fi daɗi, sai wani ya tafi yana shelar cewa gishiri kaɗai ake ci.

Busasshen iri kusan a sume yake. Sai ya sha ruwa sassan cikinsa ke farkawa, numfashi ya tashi, shi kansa faitokurom ɗin ya iya isar da saƙonsa. Ka shanya irin kaktus a ranar Afrilu ta Guri wata guda, babu abin da zai fito. Ruwa ne ke buɗe ƙofa, haske kuma ya ce a fita ko a dakata. Ko a hamadar Sonora, saguwaro yana zubar da 'ya'yansa ne dab da saukar ruwan bazararsu, irin kuma ya tsiro idan ƙasa ta samu kwanaki a jiƙe.

Game da daɗewar iri da rai kuwa, danshi yana da fuska biyu. Masu ajiyar iri suna aiki da wata ƙa'ida ta Harrington: a tsakanin danshin kashi 5 zuwa 14 cikin ɗari, duk rage kashi 1 na danshin ƙwaya yana ninka tsawon ranta, haka ma duk rage zafin wurin ajiya da digiri 5. Ƙiyasi ne, amma yana nuna hanya. Shi ya sa iyayenmu ke busar da gero sosai kafin ya shiga rumbu. Irin da ke kwance cikin ƙasa mai ɗumi da ɗan danshin da bai isa tsiro ba, shi ya fi saurin lalacewa, ga fumfuna ga tsufa. Wato ruwan da ke tayar da iri, idan ya zo rabi-rabi, shi ne kuma ke kashe shi.

Maganar "tunawa" da ruwa

Akwai wani bincike na biyu da nake zargin daga shi aka tsinto rabin labarin. A 1996 Joseph Dubrovsky, yana aiki a Meziko, ya wallafa gwaji a kan nau'o'i uku na kaktus ɗin Sonora. Ya jiƙa irin na ɗan lokaci, ya busar da shi, ya ajiye, sannan ya sake jiƙawa. Irin da ya taɓa shan ruwa ya riga wanda bai taɓa sha ba tsirowa, ko da an daɗe da busar da shi. Ya kira abin da sunan da ke nufin iri yana tuna ruwan da ya sha.

Sakamakon yana da kyau, kuma wasu sun maimaita shi a kan wasu nau'o'in. Sunan ne nake ganin ya jawo ruɗani. Kalmar tunawa tana sa mai karatu ya zaci irin yana adana ruwa a cikinsa, ko yana da wata dabara ta rayuwa babu ruwa. Abin da ke faruwa ya fi haka sauƙi. A jiƙon farko ƙwaya tana fara aikin shiri: gyaran bangon ƙwayoyin halitta, gyaran abin da ya lalace a kundin gado, haɗa wasu furotin. Idan ta bushe kafin saiwa ta leƙo, aikin da aka yi ba ya rushewa. Ruwa na biyu ya zo, sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kamar magini ne da ya kafa tubali ya tafi, ranar da ya dawo ba daga haƙa zai fara ba.

Amma akwai iyaka. Da zarar saiwa ta fasa ɓawo ta fito, ƙwayar ta rasa juriyar bushewa, babu komawa baya. Manomin gero da ke yin binne ya san wannan caca sarai. Ka binne iri a busasshiyar ƙasa kana jiran ruwan farko. Idan yayyafi ne kawai, irin na nan lafiya. Idan ruwa mai ƙarfi ne kuma wani ya biyo baya, ka riga kowa. Idan kuwa ruwan ya isa tsiro sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, sai sake shuka. Jiƙa irin dawa ko gero na dare ɗaya kafin shuka, wanda aka gwada a Mali da Nijar da Sudan, a kan wannan hikimar ya tsaya. Ka ga ashe abin da aka gano a Sonora ba baƙo ba ne a wurinmu, suna ne kawai ba mu sa masa ba.

Inda nake da ja da irin wannan bincike

Ba saƙon WhatsApp kaɗai ke da laifi ba. Mu ma masu bincike muna da halin da ke ba da ƙofar a yi mana mummunar fahimta, kuma ni kaina na yi irin wannan gwajin faranti a karatuna, don haka da ni a cikin waɗanda nake suka.

Na ɗaya, faranti ba ƙasa ba ne. A faranti danshi ba ya yankewa, zafi a daidaite yake, babu tururuwa, babu tsuntsu, babu iskar da za ta binne iri da rairayi. A fili kuwa saman rairayi na iya bushewa cikin 'yan sa'o'i bayan ruwa, zafinsa da tsakar rana a bazara ya haura digiri 50. Ƙwayar da ke buƙatar haske dole ta zauna a sama, sama kuwa ita ce ta fi saurin bushewa. Wannan matsin shi ne ainihin rayuwar irin kaktus, kuma faranti yana ɓoye shi.

Na biyu, muna ƙirga iri a matsayin wanda ya yi nasara da zarar saiwa ta leƙo da milimita ɗaya ko biyu. Daga nan sai mu rufe littafi mu rubuta kashi kaza cikin ɗari. Amma tsirowa daban, rayuwa daban. A 1966 Turner da abokansa suka bi 'ya'yan saguwaro a fili a Arizona. Waɗanda aka bari a rana babu inuwa duk sun mutu cikin shekara guda. A cikin waɗanda aka yi wa inuwa, kusan kashi 35 cikin ɗari suka rayu. Shi ya sa a daji ake samun ƙananan saguwaro a gindin wasu itatuwa da ke yi musu reno. Duba wannan abu: ƙwayar tana son haske don ta tsiro, jaririn da ya fito kuma rana ce ke kashe shi. Duk rahoton da ya kawo rabin farko ya bar na biyu, ya ba da rabin gaskiya, kuma da irin wannan rabin ake haɗa saƙon da ya iso wa Kawu.

Na uku, irin da bai tsiro a duhu ba, mutuwa ya yi ko barci? Bambancin babba ne. Akwai gwajin wani sinadari mai suna tetrazoliyam da ke rina ƙwaya mai rai ja, a gane. Idan ba a yi shi ba, ba za a san ko an kashe irin ba ne ko kuwa an tura shi ajiya cikin ƙasa, yana jiran ranar da garma za ta juyo da shi. Ga mai yaƙi da ciyawa, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace.

Na huɗu, shi kansa "duhun" sai an yi hattara. Wasu kan buɗe farantin duhu kullum su ƙirga a ƙarƙashin koren fitila, da zaton iri ba ya ganin kore. An nuna cewa wasu nau'o'in ɗan wannan hasken ma ya ishe su. Wanda ya leƙa farantinsa sau goma, ba duhu ya gwada ba.

Duk da haka ban ce a watsar da aikin Flores ko na Dubrovsky ba. Tattara nau'o'i 136 a gwada su ba ƙaramin aiki ba ne, kuma alaƙar girman ƙwaya da buƙatar haske ta dace da abin da aka gani a wasu gidajen tsirrai. Sun amsa tambayar da suka yi. Kuskuren shi ne a ɗauki amsar a kai ta inda ba a yi tambayar ba.

To, a shuka kaktus ko kada a shuka?

Akwai kaktus mai amfani, wato Opuntia, mai faffaɗan reshe kamar tafin hannu. A arewa maso gabashin Brazil ana noma shi don shanu, a Tigray ta Habasha ana cin 'ya'yansa, a Maroko da Tunisiya ma haka. Yana buɗe ƙofofin numfashinsa da dare maimakon rana, shi ya sa yake tattalin ruwa. Amma masu noma shi ba iri suke watsawa ba. Reshen suke yankewa, su bar bakin yankan ya bushe, su dasa. Irinsa ɓawo ne da shi mai tauri, yana jinkirin tsiro. Kuma ba ya jure ƙasar da ruwa ke kwanciya, ruɓewa yake yi, don haka fadama ba wurinsa ba ne.

Sannan a tuna da abin da ya faru a wasu wurare. A Ostareliya, zuwa shekarun 1920, Opuntia ya mamaye kusan hekta miliyan 24, mutane suka bar gonakinsu, sai da aka kawo wani ƙwaro daga Kudancin Amurka aka sake shi a 1926 kafin a shawo kansa. A Laikipia ta Kenya har yanzu makiyaya na kuka da wani nau'in mai ƙaya da ke raunata bakin dabbobi da idanunsu. Mu da muka ga abin da ciyawa ɗaya ta yi wa kogin Haɗejiya, bai kamata a ce sai an ja mana kunne a kan watsa baƙon tsiro barkatai ba. In za a gwada, a gwada marar ƙaya, a killataccen wuri a tudu, da sanin malaman gona. Don tsayar da rairayi kuwa, aguwa da ke gabanmu an daɗe ana kafa ta a kan tuddan rairayi a Nijar, kuma reshe kawai ake dasawa.

Mu dawo bakin kogi

Yanzu ga abin da ya sa na ce darasin ya fi amfanar gonar fadama. Kacalla, wadda masana ke kira Typha, a ido kishiyar kaktus ce: ɗaya na hamada, ɗaya ta cikin ruwa. Amma ƙwayar irinsu hali ɗaya gare su. Ka murza kan kacalla da ya bushe, wanda ke kama da zangarniyar gero, za ka ga wani abu kamar audugar rimi yana tashi. Kowane zare yana ɗauke da ƙwaya ƙanƙanuwa ƙwarai, kuma a ƙirgen da aka yi a Amurka kai ɗaya na iya ɗaukar fiye da 100,000. Ƙwaya ƙarama, guzuri kaɗan. Me ka ke tsammani? Tana buƙatar haske.

A 1983 Bonnewell da Koukkari da Pratt a Minnesota suka gwada irin wata 'yar'uwar kacallarmu. Sun samu cewa jan haske na tayar da shi, jan-nesa na hana shi, daidai da latas ɗin Beltsville. Sun kuma samu cewa yana son zafi da ƙarancin iskar oksijin, wato yanayin taɓon da ya sha ruwa ya ƙoshi. A haɗa su: taɓo jiƙaƙƙe ko ruwa marar zurfi, rana tana dukansa, ga ɗumi. Wannan shi ne gadon haihuwar kacalla.

A da, kogin Haɗejiya yakan cika da damina ya ja baya da rani, fadamu su bushe su tsattsage. Ƙaramar kacallar da ta tsiro ba ta kai labari. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma gudana har da rani, a hankali, yana ajiye laka. Danshin da ke yankewa ya daina yankewa. Kacalla ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa. A inda kogin ke rarrabuwa bayan ya wuce Haɗejiya, tsohon kogin da Burum Gana suka cushe, ruwa ya karkata Marma da ke tafiya tafkin Nguru, yana malala cikin gonaki, na ƙasa wajen Gashuwa kuma suna jiran ruwa. Mutanen Guri da Kirikasamma ba sa buƙatar a ba su wannan labari. Sun ga gonakin shinkafa sun zama daji, jirgin masunta ya rasa hanya, jan-baki ya samu wurin kwana yana fitowa ya cinye gero da shinkafa.

To ga inda nake so mu yi tunani. Kacallar da ta riga ta kafu ba da iri take yaɗuwa ba galibi, da saiwarta mai rarrafe ne a ƙarƙashin laka, mai kama da citta. A ƙarƙashin wannan duhun, 'ya'yanta ma ba sa samun jan hasken da za su tsiro. Suna nan kwance. Sai mu zo da rani, mu yi gayya mu sare, ko mu cinna wuta, ko injin haƙa ya kwashe ya tara laka a gefe. Me muka bari? Buɗaɗɗen taɓo mai danshi, rana a kansa, ga toka ta zama taki. Wuta ba ta kai ga saiwar da ke cikin laka ba, kuma ta ɗauke inuwar da ke danne irin. Mun juya makunnin da hannunmu. Bayan 'yan watanni a ce kacalla ta dawo kamar da aljanu, alhali ƙa'idar Beltsville ce kawai ke aiki.

Ba ina cewa a daina share hanyoyin ruwa ba ne. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a wannan yanki ba zai faɗi haka ba. Abin da nake cewa shi ne aikin bai ƙare ranar da aka ga ruwa ya wuce ba, kamar yadda gwaji bai ƙare ranar da saiwa ta leƙo ba. Kuskure ɗaya ne a wuri biyu: ƙirga nasara da wuri.

Abubuwan da ilimin iri da na saiwa ke nunawa su ne waɗannan. A yanke kacalla a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai zauna a nutse, domin ta cikin ganye da kara take tura iska zuwa saiwa. Idan aka toshe wannan hanya aka maimaita yankan sau biyu ko uku, saiwar na shaƙewa. A yi yankan kafin kan ya bushe ya fara tashi. Inda aka share, kada a bar taɓo tsirara: ko a shuka wani abu nan da nan ya rufe ƙasa, ko wurin ya bushe sosai, ko ruwa ya yi zurfin da haske ba zai kai ƙasa ba, domin a ruwa marar zurfi mai haske irin na iya tsira. Sannan a dawo bayan 'yan makonni a cire ƙananan tun saiwarsu ba ta yi rarrafe ba. Wancan na bushewar fadama kuwa ya fi ƙarfin manomi ɗaya, magana ce ta yadda ake sakin ruwa daga madatsu, wadda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da gwamnatocin jihohin da kogin ya ratsa.

Kuma don kada in faɗa ramin da na haƙa wa wasu: Minnesota ba Guri ba ce. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin kuma ba shi da tsada. A ɗebo laka daga inda aka share kacalla, a raba a robobi. Wasu a bar su a jiƙe a rana, wasu a jiƙe amma a lulluɓe da busasshiyar ciyawa mai kauri, wasu a nutsar da su cikin ruwa mai zurfi, wasu a bar su su bushe. Kowane kashi a yi aƙalla robobi huɗu. A ƙirga abin da ya fito bayan mako uku, sannan a ci gaba da bi har wata uku, a ga nawa suka rayu. Daga baya a buɗe waɗanda aka lulluɓe a jiƙa waɗanda suka bushe, a ga ko irin ya mutu ne ko barci yake. Ɗalibin da ke neman aikin kammala karatu a kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ga aiki a ƙofar gida.

Na kira Kawu na yi masa wannan bayani a taƙaice. Na ce, "Kawu, kada ka sayar da akuyarka. Irin nan sai da ruwa, kuma ko ya tsiro rana za ta kashe shi." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ita kacallar, ka ce idan na ƙone ta ni na buɗe wa 'ya'yanta ido?" Na ce haka bincike ke nunawa, amma mu gwada mu gani. Ya ce in zo da robobin idan na tashi zuwa hutu, laka dai ba za ta yi mana wuya ba.

Idan mun yi, zan kawo muku abin da muka samu, ko ya goyi bayana ko ya ƙaryata ni.